Tagullar da Ba a Gogewa

A Bukan Sidi, in ka tambayi inda ake sassaƙa ƙarfe, ba wanda zai wahalar da kansa ya nuna maka da hannu. Ce maka za a yi ka bi ƙara. Ƙarar injin Malam Sha'aibu ce, kuma tana kai mutum har ƙofar wani shago mai rufin kwano, inda za ka tarar da shi tsaye da tabarau a bisa karan hanci, ƙarfe yana juyawa a gabansa yana zubar da ɓawo. Masu injin niƙa da masu tarakta da masu gyaran famfon rijiya duk wurinsa suke zuwa idan wani abu ya cinye kuma babu irinsa a kasuwa.

Kakansa maƙerin fari ne da ya zo Lafia daga Kano yana ƙera mundaye da zobba na tagulla. Jikan bai gaji mundayen ba, amma ya gaji wata aƙida guda da ta bi jini: aiki bai ƙare ba sai ya yi ƙyalli. Ko ƙusar da za a cusa a cikin giyar tarakta ta dawwama cikin baƙin mai, sai Malam Sha'aibu ya goge ta har ka ga haƙoranka a jiki. Makanikai suna yi masa tsiya, suna cewa in ya kuskura ya shiga gidan wani zai goge wa mai gida sanƙo. Shi kuwa ko a jikinsa, don a ganinsa ƙarfe mara ƙyalli zagi ne ga wanda ya yi shi.

Wata safiya wata mata ta shigo shagon da takarda a naɗe a hannu. Gajeruwa ce, da takalmi mara tsini, da jakar goyo irin ta 'yan makaranta. Ya ɗauka wuƙar injin markaɗe ta kawo gyara, har ya fara neman hanyar sallamarta. Sai ta baje takardar a kan benci ta ce sunanta Dokta Ngunan, tana koyar da ilimin lantarki, kuma tana son a sassaƙa mata dunƙulen tagulla guda biyu, kowanne kamar rabin lemon tsami. Hausarta irin ta kasuwar Lafia ce, wadda komai a cikinta namiji ne, har ita kanta mai maganar. Amma zanen da ta kawo bai taɓa ganin mai tsabta irinsa ba.

Ya yi na farko, ta zo da ma'auninta ta auna, ta ce bai yi ba. Ya yi na biyu, ta shafa da yatsa ta ce akwai wani ɗan tudu a gefe. Ran Malam Sha'aibu ya ɓaci, domin rabon da a mayar masa da aiki tun yana yaron shago. Bayan ta tafi ya ɗauko nasa ma'aunin da niyyar ya kama ta da kuskure, ya auna, ya sake aunawa, sai ga tudun nan yana zaune inda ta ce. Daga ranar ya daina yi mata kallon mai injin markaɗe. Na uku da ya yi, ta juya shi a hannu ta daɗe, sannan ta ce ko a inda ta yi karatu a ƙasar waje ba a yi mata wanda ya fi shi ba. Ya koma gida ranar yana jin kansa kamar an ba shi sarauta.

A hankali ya fahimci abin da take ginawa, domin ba ta da rowar bayani. Makarantar da take koyarwa ta ba ta aron wani tsohon sito a Akurba, a nan ta jera wasu manyan gwangwanaye masu tara wutar lantarki. Suna tarawa har ta kai volt dubu hamsin, sannan a sake ta gaba ɗaya a cikin lokacin da bai kai ƙiftawar ido ba. Matsalar ita ce abin da zai riƙe wutar ya kuma sake ta. Makunnin da ke bangon ɗaki ba zai iya ba, wutar za ta tsallako ta same ka tun yatsanka bai isa ba. Saboda haka ake sa kawunan tagulla biyu suna fuskantar juna, da ɗan taƙi a tsakaninsu, a cikin wani gida da aka cika da iskar da aka busar aka matse. Iskar ce ke tare wutar. In lokaci ya yi, wata 'yar allura ta yi ɗan tartsatsi, iskar ta ba da hanya, wutar ta wuce da ƙara tas, iskar ta sake rufewa.

Irin wannan makunni da ake sayarwa a ƙasashen waje sun kai girman bokiti, kuma ana cika su da wani gas da ba a samu a Lafia ko da kuɗinka. Nata kuwa so take ya zama kamar gwangwanin madara, ya yi aiki da iskar da kowa ke shaƙa. Bilqis, matar Malam Sha'aibu, da ta ji labari ta ce ashe da tsufansa ya koma aiki da iska, Allah ya sa dai ba masu hawa kai ba ne.

Ƙanƙantar da abin shi ne wahalar. Wuta ba ta da kunya, in ka tare ta ta gaba sai ta bi ta bango. Gidan roba na farko da suka yi, wutar ta rarrafa ta jikinsa ta bar baƙin layi. Malam Sha'aibu ya ce a ƙara masa girma a huta. Dokta Ngunan ta ƙi. Ta koma ta zauna da lissafinta, ta dawo da sabon zane mai kwari da tudu a cikin bangon, don wutar in ta ce za ta rarrafa ta tarar hanyar ta yi mata nisa. Ya yanka mata, aka gwada, wutar ta haƙura. Abin da ya fi burge shi ba ilimin ba ne kawai, yadda ba ta fushi da abin da ya lalace ne. In wani abu ya ƙone, sai ta ɗauke shi ta kai bakin taga tana dubawa da murna, kamar an aiko mata da saƙo daga gida.

Dalilin wannan wahala duka lemo ne. Mahaifiyarta tana da gonar lemo a wani ƙauye kusa da Obi, kuma tun tana yarinya take ganin yadda ake tara shi tsibi-tsibi a bakin titi, in mota ba ta zo ba ya ruɓe, ƙuda su yi biki. In an matse ruwan ba ya kwana biyu, in an tafasa ɗanɗanon ya mutu. Amma in aka bi ruwan da irin wannan bugun wutar, ƙwayoyin da ke lalata shi suna mutuwa ba tare da ya yi zafi ba. Wata gidauniya a Abuja ta ce za ta gina wa ƙungiyar manoman Obi injin sukutum, da sharaɗi ɗaya: injiniyoyinta su zo su ga makunnin ya buga sau dubu a jere, kowane bugu sai an umarce shi, ba ko ɗaya da zai tashi don kansa. In ya gaza, makaranta za ta karɓe sitonta, shekarun da Dokta ta zuba su bi ruwa, lemon Obi kuma ya ci gaba da ciyar da ƙuda.

Makonnin ƙarshe kafin zuwan baƙin sun zo daidai da kaka, shagon Malam Sha'aibu ya cika da masu injin casar shinkafa, bai samu leƙawa Akurba ba. In sun yi waya ya tambayi yaya makunni, sai ta ce tana ba shi horo. Ya ɗauka raha ce, ya yi dariya ya ce Allah ya shirya shi.

Ranar da baƙin za su zo, da sassafe ta kira shi. Murfin gidan makunnin yana ɗan sakin iska, zoben robar da ke ciki ya gaji, ita kuma dole ta je makaranta ta tarbi mutanen Abuja a ofishin shugaba. Ta ce ta sauke wutar gwangwanayen duka, ta bar makulli wurin mai gadi, ya taimaka ya canza zoben. Ya sa sabuwar rigarsa ya hau babur.

Da ya kwance murfin ya leƙa, sai ya yi salati. Tagullar nan da ya miƙa mata tana ɗaukar ido ta koma toka-toka, fuskarta duk ƙananan tabo kamar wanda ya yi ƙyanda. Ya tsaya yana kallo cikin takaici. Manyan injiniyoyi za su taso tun daga Abuja, ƙila su ce a buɗe su gani, su tambayi wanda ya yi, a ce Sha'aibu na Bukan Sidi. Ya kuma ji tausayin Dokta, ya ce aiki ne ya yi mata yawa har ba ta samu sukunin tsabtace kayanta ba. Wanda zai yi baƙi ai ko tsakar gida yana sharewa.

Ya kwance kawunan biyu, ya ciro samfefa mai laushi da man goge ƙarfe da ba ya rabo da su a aljihun babur, ya zauna a bakin ƙofa. Ya goge da ƙauna, wannan kam babu mai ƙwace masa. Ya bi kowane tabo har ya ɓace, ya sa tsumma ya murza, ya ɗaga sama rana ta buga a jiki har mai gadi ya kare ido. Ya mayar da su, ya sa sabon zobe, ya ɗaure murfi, ya zauna yana jiran yabo.

Dokta Ngunan ta riga baƙin isowa, ta bar su suna cin abinci. Ta gaishe shi a gurguje, ta tada janareta, ta cika gidan makunnin da iska, ta ga allurar ma'auni ta tsaya cak ba ta sauka, ta ɗaga masa babban yatsa. Sannan ta koma bayan shingen katako ta fara ɗaga wuta don gwaji. Wutar ba ta kai inda ake so ba sai aka ji tas, alhali hannunta bai taɓa maɓallin ba. Ta tsaya. Ta sake ɗagawa, ya sake tashi don kansa, wannan karon ma tun ba a kai inda aka kai da farko ba.

Ta kashe komai, ta ɗauki sandar da take sauke wuta da ita ta taɓa kowane gwangwani, don ko hankalinta a tashe yake ba ta tsallake wannan. Ta kwance murfin ta leƙa, sai ta ga fuskarta tana kallonta daga ciki.

"Na ɗan gyara miki su, Dokta," in ji Malam Sha'aibu. "Na ga sun yi datti, ga baƙi."

Ta jawo kujera ta zauna, ta dafe goshi. Bai taɓa ganin ta zauna a ɗakin nan ba, kullum a tsaye take, kuma wannan zaman ne ya gaya masa ya yi ɓarna tun kafin ta buɗe baki. Da ta ɗago, idonta ya yi ja, amma muryarta ba ta tashi ba. Ta tambaye shi tandar da Bilqis ke soya masar nan da yake kawo mata, ko tana kankare ta da soso har ta yi fari.

Ya san amsar, domin ya taɓa ganin abin da ya faru ranar da wata baƙuwa ta yi wa Bilqis gwaninta ta kankare tandar, masa ta yi ta kamawa har mako.

Ta yi masa bayani a taƙaice. Duk yadda ƙarfe ya yi santsi a ido, akwai ƙananan tsini a jikinsa da ido ba ya gani, kuma ta nan wuta ke samun hanyar tashi ba a ce mata ba. Makonnin nan ta yi su tana buga shi da ƙaramar wuta, tana ƙarawa kaɗan-kaɗan, kowane bugu yana ƙone tsini ɗaya, har fuskar ta daidaita. Horon ke nan. Tabon da ya gani shi ne shaidar ya horu. Samfefa ta dawo da tsinin sababbi, man goge ƙarfen kuma ya bar maiƙo.

Garin gyaran gira an rasa ido. Malam Sha'aibu ya ji kunyar da bai taɓa ji ba tun da ya fara sana'a, ya ji da ma ta zage shi ya samu sauƙi. Cikin ruɗewa ya ce ko za a ce wa baƙin janareta ya lalace, su dawo wani mako. Shi da kansa zai cire wata waya, ba wanda zai gane.

"A'a, Malam," ta ce. "In na yi ƙarya yau, gobe wannan abin zai yi ƙarya a Obi, kuma mama na ne zai tsaya kusa da shi. Kawo sifirit."

Suka wanke kawunan da sifirit har tsumma ya daina baƙi. Ta sake auna taƙin da ke tsakaninsu, ta gyara, ta rufe, ta fara daga ƙasa kamar ranar farko. Suna cikin haka mota ta tsaya a waje.

Shugaban baƙin wani dattijo ne mai furfura, Injiniya Norbert, da mutum biyu a bayansa. Malam Sha'aibu ya matsa gaba zai yi magana, Dokta ta tare shi da hannu ba tare da ta dube shi ba. Ta gaya musu gaskiya cewa an buɗe makunnin da safe an goge kawunansa, horon da ta yi masa ya tafi, kuma yanzu in aka gwada zai faɗi. Da Injiniya Norbert ya tambayi wanda ya yi wannan aika-aika, ta ce laifin mai zane ne, wato ita kanta. Ta ƙera abin da ba a gogewa, ba ta gaya wa kowa ba, ba ta rubuta a jiki ba. A Obi ba ita za ta riƙa buɗe shi ba, makanikan gari ne, kuma duk makanikin kirki in ya ga ƙarfe ya dushe hannunsa zai yi ƙaiƙayi. Gara da abin ya faru yau a gabanta. Za ta sake zana murfin yadda za a canza roba ba tare da an kai ga tagullar ba.

Dattijon ya ce ya ji, amma sharaɗi sharaɗi ne, kuma suna so su kama hanyar Abuja da rana a sama. Ta ce ba ta roƙi a sassauta mata ko bugu ɗaya ba. Abin da take roƙo su zauna su saurara, in ta ce a fara ƙirga a fara. Ya dube ta ya daɗe, ya dubi gwangwanin madarar nan da aka ce zai riƙe volt dubu hamsin, sannan ya nemi kujera.

Malam Sha'aibu ya rakuɓe a kusurwa. Makunnin yana bugawa a jere, tas, tas, tas, da tazara iri ɗaya, sai can a ji wani bugun ya yi shisshigi a tsakani. Duk shisshigi ɗaya sai ya ji shi a ƙirjinsa, don ya san hannunsa ne. Dokta tana tsaye idonta a kan allon da ke zana wutar. In makunnin ya yi gardama ta rage masa, in ya natsu ta ƙara kaɗan. Ba ta yi gaggawa ba ko sau ɗaya, ko da ta ga ɗaya daga cikin baƙin yana duba agogo, ko da direbansu ya leƙo ya koma ya sake leƙowa. Shi da ke kallo ya san da shi ne da tuni ya murɗa wutar har ƙarshe ya ce a yi ta ta ƙare.

Aka kira la'asar, ya fita ya yi alwala a bayan sito. Yana sallah yana jin bugun ta bango, Allah ya yafe masa, rabin hankalinsa yana can. Da ya sallame ya daɗe da hannu a sama, bai roƙa wa kansa komai ba. Da ya dawo ya tarar shisshigin ya yi nisa da juna, sai an daɗe kafin a ji ɗaya. Injiniya Norbert ya matso da kujerarsa kusa da allon, yana yi wa Dokta tambayoyi ƙasa-ƙasa, tana amsawa ba ta ɗauke ido ba.

Rana ta yi sanyi, inuwar sito ta kai titi. Direba ya shigo sosai wannan karon ya ce in ba a tashi yanzu ba dare zai yi musu a hanya. A daidai lokacin Dokta ta kai wutar inda ake so, ta bar shi ya yi ta bugawa, ta saurara da kai a karkace. Sannan ta juyo.

"Oga, yanzu ku fara ƙirga."

Dattijon ya ce wa direba ya je ya nemo musu masauki a cikin gari. Aka mayar da na'urar ƙirga farko. Ɗakin ya yi tsit sai janareta da bugun. Malam Sha'aibu ya so ya bi lissafin a zuci, ya ɓace masa, ya koma yana kallon bayan Dokta, inda gumi ya jiƙa rigar har ƙugu. Ya tuna tun safe ko ruwa bai ga ta sha ba. Bugun yana tafiya, kowanne a wurinsa, babu mai riga ɗan'uwansa. Da lambar ta cika, ta sake maɓallin, shirun da ya biyo baya ya yi wa kowa nauyi a kunne.

Ta sauke wutar gwangwanayen ɗaya bayan ɗaya kafin ta yarda wani ya matso. Injiniya Norbert ya miƙa mata hannu, ya ce ya ga makunnai da yawa a rayuwarsa, amma bai taɓa ganin wanda aka kashe da safe aka tashe shi da yamma a gaban masu jarrabawa ba. Injin Obi za a gina shi. Sai ya ce saura tambaya ɗaya. In abin ya yi kyau za a buƙaci kawunan tagullar nan da yawa, duka iri ɗaya babu bambanci, shin daga wace ƙasa za a yi odarsu?

Malam Sha'aibu ya riga ya ɗauki hularsa ta babur, yana neman hanyar sulalewa. A ransa ya gama yanke wa kansa hukunci cewa wannan ce rana ta ƙarshe da zai taka ɗakin nan, kuma bai ga laifin kowa ba in aka yi haka.

"Ba oda," in ji Dokta Ngunan. "Ga mai yin su nan. In ba hannunsa ba, ba na so."

Duk suka juyo suna kallonsa. Ga shi dattijo mai jikoki, yana tsaye da hula a hannu ido yana kawo ruwa a gaban baƙi. Ya share idon da bayan hannu.

"Ki zana, Dokta, ni in yanka," ya ce. "Abin da ban gane ba kuma, wallahi zan tambaya."